Sha Biyun Inna Lubaba

Ranar wata Asabar ce a farkon watan Muharram, shekarar da aka shiga kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a duk faɗin Saudiyya, ina da shekara goma sha ɗaya. Rana ta take tsaka muka hau tudun da ke bayan unguwarmu ta Tandabawi, ni da Ummata, muna bin matakalar simintin da ta karkace tsakanin gidaje. Ni ce a gaba, Umma tana baya tana haki tana cewa in bi a hankali. Ban saurare ta ba, don a ranar za mu ɗauko Hayat, 'yar maƙwabciyarmu Inna Lubaba, ta dawo gidanmu da zama. Tun da asuba na share ɗakina, na raba durowata biyu na bar mata ɓangaren da ba ya maƙalewa, na shimfiɗa mata katifa kusa da taga. Muka isa wata koriyar ƙofar ƙarfe ana shirin kiran azahar. Na ƙwanƙwasa da hannu biyu. Wata tsohuwa 'yar Habasha ta buɗe, ta dube ni, ta dubi Umma, ta ce da Larabci ai sun tafi tun da safe, mota ta kwashe su. Umma ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah. Sha biyu fa Lubaba ta ce mini, ga shi kuwa yanzu sha biyun ta yi." Tsohuwar ta tsaya tana kallon Umma, kallon da ya daɗe har na ji haushinta, sannan ta koma ciki ta fito da jabana, 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da Habashawa ke dafa gahawa a ciki, ta sa mini a hannu ta ce, "An ce a ba wa Balkisu." Ta gefen zanenta na hango tabarma an watsa mata ɗanyen ganye, da faranti, da finjali biyu cike da gahawar da ta huce. Daga nan ta rufe ƙofarta.

Kakana ne ya zo Makka daga ƙasar Kano ta hanyar Sudan, ya yi Hajji, ya ce shi kam ya iso, ba inda za shi. A nan aka haifi Baba, ya tashi da takardar ɗan ƙasa. Umma kuwa daga Kano aka kawo ta aure, da iƙama take zaune. Ni har na yi wayo ban san wata duniya ba sai lungunmu, ƙunƙuntaccen lungu da mota ba ta shiga, gidaje sun hau kan juna a jikin dutse, wayoyin wuta sun sarƙe a sama, maguna sun fi mutane ƙiba. Hausawa ne mafi yawa, sai 'yan Yaman masu baƙala, wato kantin kayan masarufi, da gidan burodin tamis, sai gida ɗaya na Habashawa da katanga ce kawai ta raba mu. Inna Lubaba ce a ciki da 'yarta Hayat. Mijinta direba ne, ya rasu a hanyar Jidda Hayat tana rarrafe, kuma da rasuwarsa takardarsu ta zama ta mutu, don a kansa take. Doguwar mace ce siririya mai wushirya, ba ta rabuwa da farin mayafinta mai ado a baki ko a ƙarƙashin abaya. Hausarta a karye take, Larabcinta ma haka, amma da su take faɗa da mai baƙala ta yi nasara.

Wata uku ne tsakanina da Hayat. Da aka haife ni Umma ta kwanta zazzaɓi mai tsanani, nono ya ɗauke, ni kuma na ƙi madarar gwangwani ƙememe. Inna Lubaba ta jiyo kukana ta katanga, ta zagayo, ta ɗauke ni ta sa a ƙirji, Hayat a dama ni a hagu, har Umma ta miƙe. Haka na zama 'yarta ta shayarwa, Hayat ta zama 'yar'uwata a shari'a, ba a fatar baki kawai ba. Sunana kuma ya ƙara mata hujja. Ta ce sarauniyar da ta ziyarci Annabi Sulaimana daga ƙasarsu ta fito, ko da 'yan Yaman za su yi ta musu har tashin ƙiyama. "Balkisu tamu ce," in ji ta, "aro muka ba Hausawa."

A lungunmu ba wanda yake lissafi da agogo. Garin da ake jin kiran sallar Harami daga kan gado, komai da salla ake auna shi: bayan la'asar, kafin magariba, in an idar da isha. Abu ɗaya ne ba ya faɗowa kan wata salla, shi ne shan gahawar Inna Lubaba, don da hantsi ake yin sa, maza sun fita, an gama wanke-wanke. Kullum da safe za ta buga katanga da taɓarya ta ce, "Arba'a, ya Ummu Balkisu," Umma ta amsa daga madafa, "Arba'a." Na san arba'a huɗu ce a Larabci, amma ban taɓa tambayar huɗun mene ne ba. Na ɗauka sunan zaman ke nan, kamar yadda ake cewa walima. A gidanmu ma haka kalmar ta zauna: Umma ta tafi arba'a, kada ki ɓata kayanki za mu arba'a.

Ranakun da babu makaranta nakan bi ta. Kafin mu shiga Inna Lubaba ta share ɗaki ta watsa ɗanyen ganye a ƙasa, don a ƙasarsu ba a shan gahawa sai a kan ɗanyar ciyawa. A Makka kuwa ciyawa sai ta tumaki, saboda haka barsim take saye a wurin mai sayar da abincin dabbobi, kuma bawan Allahn nan ya yi shekaru yana tambayar ta lafiyar tunkiyarta. Ɗanyar gahawa take wankewa, ta soya a kasko kan garwashi har ta yi baƙi tana naso, ta zagaya da kaskon gaban kowa, mu riƙa fifito hayaƙin zuwa hancinmu da tafin hannu. Wanda bai fifita ba ya raina mai gida. Dakan aikinmu ne ni da Hayat, a wani ɗan turmi da bai fi kofi biyu ba, kuma kullum sai mun yi rigimar wa zai fara. Sai ta zuba lubban a wuta, ta ajiye kwanon gugguru, ta ɗaga jabana sama ta tsiyaya a finjalai ba tare da ta katse zubin ba. Sau uku ake sha, kowanne da sunansa: na farko abol, mai ƙarfi, na biyu tona, na uku baraka, wanda ya kusa zama ruwa amma ya fi sauran daraja. Ba a tashi kafin baraka, ko da tukunya tana ƙonewa a gida, kuma tukunyar Umma ta sha ƙonewa. Inna Lubaba takan ce, "Maganar da aka yi a kan baraka ba ta faɗuwa ƙasa." Mu yara gugguru ne rabonmu. Ta yi mini alkawarin ranar da na isa shan gahawa, da hannunta za ta zuba mini finjalin farko.

A wannan zaman na fara sanin Habasha, kuma har yau Habashar Inna Lubaba ce a kaina, ba ta taswira ba. 'Yar ƙasar Wallo ce, daga wani ƙauye a kan tsauni inda, in ji ta, gajimare yake shigowa har tsakar gida ya jiƙa shanya. Mu da muka tashi cikin zafin da ke narka takalmin roba muka ce wannan kam ta ƙara gishiri. Ta ce akwai tafki a ƙasan garinsu, ruwan sama yana wata uku ba ya ɗagawa, in ya ɗauke kuma duwatsu su rufe da fure rawaya, a lokacin suke shiga sabuwar shekara. Watanninsu goma sha uku ne, na ƙarshen ɗan ƙarami, kwana biyar ko shida, shekararsu kuma tana bayan ta Turawa da bakwai. "In na kai ki ƙasarmu shekara bakwai za ki rage," ta ce mini, ni kuwa na wuni ina lissafin ko goyo za a mayar da ni. Ta ce Turawa sun zo da bindigogi za su ci ƙasar kamar yadda suka ci ta kowa, kakanninsu suka tare su a kan duwatsu suka kore su, kakan mahaifinta ya dawo da tabon harsashi a cinya da yake nuna wa baƙi ko ba su tambaya ba. In ta zo nan sai ta dubi Umma ta ce, "Ku fa?" Umma ta ce, "Mu haƙuri muka yi, ga shi sun tafi da ƙafarsu." Su yi ta dariya har da hawaye.

Ta ce a ƙauyensu Musulmi da Kirista katanga ɗaya suke, in ana biki a yanka shanu biyu, kowa da mahaucinsa, amma gahawa daga jabana ɗaya ake sha. Ranar da wani ya zo mata da tsarabar tef, wata ƙwaya da ta fi acca ƙanƙanta, ranar biki ce. Ta kwaɓa ta bari ya yi tsami, ta toya anjera faffaɗa mai ƙananan idanu, ta zuba miya mai yajin da ke sa kunne ƙara, ta naɗo loma ta sa mini a baki da hannunta, don a wurinsu wanda ake ƙauna a baki ake ba shi. Abin da ta fi alfahari da shi kuwa, Baba ne yake ƙarasa mata. Shi ba ya zama cikin mata, amma in ya zo wucewa ya ji ana zancen Habasha yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, lokacin da mutanen garin nan suka matsa wa Musulmin farko, can aka ce su tafi, don akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, kuma da aka aika a karɓo su ya ƙi ba da su. "Kafin Madina ta buɗe ƙofa, Habasha ta buɗe," in ji Baba. Na sha jin wannan maganar har na haddace ta.

Hayat ba ta taɓa ganin Habashar ba. A Makka aka haife ta, Hausa ta fi kama bakinta a kan yaren uwarta, kuma saboda rashin takarda ba ta shiga makarantar gwamnati ba. In na dawo sai mu hau saman soro, ni ce malama, jikin tankin ruwa ne allo, gawayin Inna Lubaba ne alli. Abin haushi, duk abin da na kwana biyu ina fama da shi, ita kafin la'asar ta riga ni. A can saman muke 'yar carafke da ƙwallayen dabino, mu kori tattabaru daga shanyar kuɓewar Umma, mu leƙa hasken Harami ta tsakanin dogayen gine-gine. Lokacin aikin Hajji kuwa gidajen biyu sukan zama madafa ɗaya. Umma tana tuƙa tuwo, Inna Lubaba tana kaɗa miyar kuka kamar a Dala aka haife ta, mu kuma mu ɗauki kuloli zuwa masaukin alhazai. Tsofaffin hajiyoyi su ji Hausar Hayat su ce, "'Yan mata, ke 'yar wace unguwa ce a Kano?" Ta ce musu Fagge, ko idonta bai ƙifta ba.

Sai ga shekarar kame. An ba da wa'adi kowa ya gyara takardarsa, wa'adin ya cika da shigowar sabuwar shekara, lungu ya yi tsit. Mata suka daina zama a ƙofar gida, in an ji jiniya kowa ya ja ɗansa ciki. Mai gidan da Inna Lubaba take haya ya ce ta tashi, ba zai ja wa kansa ba. Ta ce ita ma ta gaji da ɓuya, gara ta miƙa kanta a mayar da ita gida. Damuwarta Hayat ce. Iyayen Inna Lubaba sun rasu, ba ta san abin da za ta tarar a ƙauye ba, ga yarinyar da ko gaisuwar can ba ta iya sosai ba. A zaman arba'a na ƙarshe, kaya a ɗaure a kusurwa, an zuba baraka, Umma ta ajiye finjali ta ce, "Lubaba, ki bar mini Hayat. In kin zauna da ƙafarki a can sai mu ga abin da Allah zai yi. Inda Balkisu ta kwanta nan za ta kwanta." Inna Lubaba ta dube ta ta ce, "A kan baraka kika faɗa." Umma ta ce, "A kan baraka na faɗa." Ni da Hayat muka matse hannun juna a ƙarƙashin mayafi. A ranar ba wanda ya kai ni farin ciki a Makka, Allah ya yafe mini, ko tausayin uwar da za ta rabu da 'yarta ban ji ba.

Suka koma wani gida a kan tudu inda matan Habasha suka taru suna jiran mota. Ranar Juma'a bayan la'asar muka hau muka gaishe su. Inna Lubaba ta ce gobe ne tafiyar, tana so ta yi kwanan ƙarshe da 'yarta, kuma ba za ta iya saukowa da ita ba saboda masu sintiri, sai dai Umma ta zo ta ɗauke ta. Ta ce za ta dafa gahawar sallama, kuma tunda ba ta san ranar da za ta sake ganina ba, gobe za ta cika mini alkawarina. Da muka tashi ta riƙe hannun Umma ta ce, "Sha biyu. Kin san agogona." Umma ta ce, "Na sani." Na dubi ɗan agogon da ke hannunta, wanda ta ɗaure igiyarsa da zare, na ɗauka shi take nufi.

Bayan magariba na ji Baba da Umma suna magana ƙasa-ƙasa a ɗaki. Na tsinci kalmomi kaɗan, biyan tara, da kurkuku, da iƙamarki, amma a kwanakin kowane gida zancen ke nan, ban sa a ka ba. Washegari Umma ta daɗe a kan sallaya bayan asuba, abin da ba ta saba ba. Wayarta tana cikin durowa a kashe, ta ce caji ne ya ƙare. Na dame ta mu tafi, mu tafi, ta ce, "Sha biyu aka ce, da kunnenki kika ji." Haka na yi ta leƙen agogon bango, har muka hau tudun muka tarar da abin da muka tarar.

Da kuka na sauko. Umma tana riƙe da hannuna tana cewa in yi haƙuri, haka mutane suke, wataƙila ta sake shawara ne ta kasa haɗa ido da mu. Na yarda, don wa zan yarda da shi in ba uwata ba? Na ji an ci amanata, kuma ban ɓoye ba. Matar da ta ce ni tata ce, ta ce magana a kan baraka ba ta faɗuwa, ita ce ta sulale da safe ta bar mini tukunyar ƙasa. Hayat ma da ko sallahu ba ta bari ba. Na naɗe katifar da kaina, na mayar da kayana ɓangaren durowar da na ba ta. Jabanar na so in fasa, Umma ta karɓe ta ɗora a saman kwaba. Duk da haka na yi ta sauraren waya, ko za su kira daga can su ba ni haƙuri in ƙi haƙura. Ba a jima ba Umma ta sake layi, ta ce masu talla sun dame ta. Baba ya daina tsayawa a bakin ƙofa yana ba da labarin sarkin Habasha. Ni kuma na daina cin anjera, ƙamshin lubban da gahawa ya zama abin da ba na son ji, in na ga mace da farin mayafi mai ado a baki sai in kau da kai. A haka na girma. Aka rushe lungunmu, muka koma unguwar Rusaifa, Baba ya rasu, jabana ta bi mu a cikin kwali.

Bayan shekara goma da wani abu na samu aikin lokacin Hajji a wata madafar tanti a Arfa, inda ake dafa wa alhazai abinci. Cikin masu aikin akwai wata yarinya 'yar Habasha, Rahma, ba ta daɗe da zuwa ba. Kwana biyu kafin hawan Arfa shugabarmu ta ce in gaya wa kowa gobe da sha biyu za a taru a raba aiki. Na gaya musu ɗaya bayan ɗaya. Washegari da na iso na tarar da Rahma zaune a kan buhun shinkafa, fuska a murtuke. Ta ce, "Kin ce sha biyu, tun fitowar rana nake nan ni kaɗai." Na yi dariya na ce wace irin sha biyu ce da fitowar rana. Ta dafe goshi ta ce ta manta, har yanzu kanta bai bar agogon gida ba. A ƙasarsu daga fitowar rana ake fara ƙirga. In rana ta ɓullo sha biyu ke nan, bayan awa guda ƙarfe ɗaya. "Yini bai fara ba, ya za a ce har an yi shida?" in ji ta. Ina riƙe da ludayi, dariyar ba ta gama barin bakina ba, na fara ƙirgawa da yatsu. Ɗayarsu bakwai ɗinmu. Biyu, takwas. Uku, tara. Huɗu, goma, da hantsi, maza sun fita, an gama wanke-wanke. Arba'a. Inna Lubaba ta gaya mana watanninsu da shekararsu da furanninsu, wannan kaɗai ba ta taɓa yi mana bayani ba, don a wurinta ba abin bayani ba ne, kuma wadda take magana da ita ta riga ta sani. Na zauna a kan buhun kusa da Rahma, ta yi ta tambaya ko rana ce ta buge ni.

Duk da haka na nema wa Umma uzuri. Na ce wataƙila ita ma sunan zama ta ɗauka, kamar ni. Na bari aka gama aikin Hajji, wata rana da yamma ina zaune a ƙasa ina yanke mata farcen ƙafa, na ce kamar wasa, "Umma, arba'ar nan ta Inna Lubaba, wai ƙarfe nawa ake yin ta?" Ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Goma mana. Ai agogonsu awa shida ne tsakaninsa da namu, sai ki..." Ta tsaya. Na ji ƙafarta ta sandare a hannuna. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Babanki ya ce in aka kama yarinyar a gidan nan, ni za a sa a mota. Ƙanenki yana goye a lokacin." Na ce, "Me ya hana ki gaya mata?" Ta ce, "A kan baraka na faɗa. Da wane baki zan koma?"

Na san tsoro, na ga yadda ya mai da manyan maza a shekarar, kuma ban ce da ni ce a matsayinta da na fi ta ƙarfin hali ba. Da ta hau tudun nan da asuba ta ce, Lubaba, na kasa, da an yi kuka an rungumi juna, da na sha finjalina, da na ga Hayat ta shiga mota. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta zaɓi ta makara, ta bar mace zaune tun fitowar rana da gahawa a finjali biyu, tana kiran wayar da ke kashe a durowa, mai mota yana mata tsawa. Sannan ta ɗauki laifin ta ɗora a kan wadda ba ta nan, ta miƙo mini ƙiyayyar na riƙe mata shekara da shekaru, tana kallona ina kau da kai daga matar da ta shayar da ni. Inna Lubaba kuwa ta gane. Ta san Umma ta san agogonta. A haka ta cire jabanarta daga cikin kayan da za ta tafi da su ta ce a ba wa Balkisu.

Yanzu inda lungunmu yake titi ne da dogayen gine-gine, ko katangar da ake bugawa da taɓarya ban iya nuna wurinta ba. Duk 'yar Wallo da na haɗu da ita sai na tambaye ta, su ce mini Lubaba da Hayat a can sun fi a ƙirga, wane ƙauye? Ban san sunan ƙauyen ba. Na san akwai tafki a ƙasansa, gajimare kuma yana jiƙa shanya. Ban sani ba ko Hayat tana can tana cewa ni ma da sanina. Umma ta tsufa, ni nake haɗa mata magani ina shafa mata mai a gwiwa, uwata ce, ba mu sake tayar da zancen ba. Jabanar na sauko da ita daga saman kwaba, Rahma ta koya mini zubi, ranar Asabar nakan sayo barsim in watsa a ƙasa. In ƙamshin ya tashi Umma takan shiga ɗaki ta ja ƙofa. Da can ba ma bin agogo sai kiran salla da bugun katanga, yau kuwa akwai wani ƙato a kan dogon bene kusa da Harami da nake hangowa daga tagar madafa, ba wanda zai ce bai san lokaci ba. In rana ta ɓullo duk Makka shida take gani a jikinsa. Ni sha biyu nake gani, kuma kullum na makara.